Baba Wilson Yana Hutawa

"Kada ka taɓa shi," in ji Eunice, ko ɗago kai daga kaskon ƙosanta ba ta yi ba. "Hutawa yake yi."

Nicholas bakanike ya janye hannu. "Wannan tsoho sai ya binne mu duka," ya ce, ya karɓi ƙosansa ya wuce.

Baba Wilson dai yana rigingine a gindin katangar gidan hayarsu a Romi, dugadugai jingine da bango, tawul a fuska. Haka yake yi kullum, wai don jini ya koma zuciya. Tsohon soja ne, ya haura saba'in. Tun da wani Bature da ya yi wa gadi a Kakuri ya ba shi labarin gasar da ake haɗa iyo da keke da gudu, shi ke nan mutum ya sa wa ransa. Da safe ya faɗa Kogin Kaduna, ya fito ya taka keke har Kakau, ya dawo ya zaga unguwa a guje. Gasar ba ta taɓa zuwa ba, shi kuwa bai fasa shiri ba.

Bakin Eunice ne kawai ya ce hutawa yake, ita kanta ba ta yarda ba. Ɗazu ba kwanciya ya yi ba, zubewa ya yi, ya ja ƙafafun sama da ƙyar. Daga ƙarƙashin tawul ta ji wani gurnani mai kama da "Maman Asabe", sunan da yake kiranta. Ta yunƙura, ta koma ta zauna.

Ai bara ta taɓa ganinsa haka. Ta kwarara ihu, aka kwashe shi a akori-kura sai asibiti, likita ya ce zuciya ce. Ɗansa Benson ya rantse gaban kowa, in aka ƙara kiransa zai sayar da keken ya mai da tsohon ƙauye ya zauna. Ran da aka sallamo shi, Baba ya same ta bakin murhu, ƙaton namiji, ido cike da ƙwalla.

"'Yata, in suka zaunar da ni, sun kashe ni. In kin gan ni kwance, ki ƙyale ni. Da kaina zan tashi."

"Baba, in kuma ba ku tashi ba fa?"

"Haba! Yaƙin basasa bai kayar da ni ba, sai gudu?"

Ta yi masa alkawari da sunan Yesu.

Ƙullu ya ƙare. Ta wanke kasko, ta sake wanke shi. Matan gida suna wucewa da bokitai suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ita ce ma mai ce musu su rage murya. Tana tsoron tashinsa, tana tsoron barinsa, har hantsi ya gota, rana ta cinye inuwar katanga ta hau ƙirjinsa. Ƙudaje suka taru a hannunsa, bai kore su ba.

"Baba," ta ce a hankali. "Baba, rana ta same ku."

Ta ɗaga tawul ɗin. Ihun da ta haɗiye tun safe ya fito, har daga bakin titi aka rugo.

Benson ya iso daga Sabon Tasha da kayan aiki a jikinsa. Ya daɗe tsaye kan mahaifinsa kafin ya juyo.

"Maman Asabe, kina nan zaune? Bai kira kowa ba?"

"Ya kira ni," in ji ta.

Ya juya mata baya. Wallahi da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Maza suka janye shi daga bango suka ɗora a tabarma, amma gawar ta riga ta sandare, ƙafafun suka ƙi sauka. Nicholas ya danna gwiwar, Benson ya ce, "Bar shi, kada ka karya shi." Eunice ta kawo zanenta na zuwa coci ta lulluɓe shi. Zanen bai kai tafin ƙafa ba. Aka fita da shi haka, ƙafafu a sama, da busasshen yashin kogi a tsakanin yatsunsa.