Ƙotar Kawai

"Kar ka kwance ta sai ina gani," in ji Auta, ta ɗora hannu a kan bindigar kafin mai gyaran ya ja ta gabansa.

Mutumin ya dube ta ta saman tabarau. Takardar lasisin da ta miƙa masa ma sau biyu ya karanta, har da ɗaga ta wajen hasken taga, kamar ita ce ta buga hatimin a ɗakinta. Bai yarda da ita ba, ita ma ba ta yarda da shi ba.

Bindigar ta mahaifinta ce, mai baki biyu, ta girme ta nesa ba kusa ba. Makon jiya ta faɗo daga ƙusar da ake rataye ta, ƙotar ta tsage. Baba ya ce a kai gyara. Yayanta kuwa ya ce aikin banza ne, bindigar ta gama yayi, gara a kwance ta a sayar da kayan cikin ga masu neman irinsu, har ya faɗi shagon da za a kai. Saurin da ya yi wajen sanin shagon shi ne ya tsaya wa Auta a rai. Shi ya sa ta nemi izini a makarantar da take koyarwa, ta naɗe bindigar a bargo, ta zo da kanta.

Mai gyaran ya raba bakin da ƙotar, ya ɗaure bakin da zare, ya ɗaga shi yana lilo, sannan ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar magagari.

"Saurara, Malama. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake kamar ƙararrawa. Ji na dama." Ya buga, sautin ya daɗe. "To ji na hagu."

Na hagun bai amsa ba, wani ɗan ƙas kawai ya yi.

"Tsatsa ta ci shi daga ciki. In aka matsa za a iya gyarawa, amma ni ba zan tsaya kusa da mai harbawa ba. Shawarata, a kwance ta. Kunamun nan, da faifan gefe masu zane, ba a yin irinsu yanzu. Akwai masu nema."

"Yayana ya zo nan, ko?"

"Wane ne yayanki?"

"Wanda ya faɗi wannan maganar tiryan-tiryan shekaranjiya."

"To yayanki yana da hankali, a gaishe shi," ya ce, ko dariya bai yi ba.

Haushi ya kama ta. Ta ce ya buɗe cikin ta gani da idonta. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗauko sukundireba, ita kuma ta matso da kujera har gwiwarta na taɓa teburin, tana bin kowane sukuru da ido zuwa cikin gwangwanin da yake jefa su. Da ya ɗaga faifan sai ya tsaya. Ya zaro wasu 'yan ƙusoshi biyu, ya jera su a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya taɓa buɗe bindigar nan?"

"Babu kowa. Baba ba ya bari ko ƙura a goge mata."

"Waɗannan su ne ke dukan gindin harsashi ya tashi. An goge kansu da magagari, an rage musu tsawo. Ki ja kunama daga nan har gobe, bindigar nan ba za ta tashi ba." Yanzu shi ne yake mata kallon tuhuma. "Da gangan aka yi."

"Yaya ne," ta ce nan take. "Don a ce ta mutu."

"Sai dai in ya yi tun yana ɗan makaranta. Dubi tsatsar da ke kan gugar, ta fi shekara ashirin. Kuma ba ɗan sana'a ba ne. Dubi yadda ya cinye kan sukurorin, da ɗan ƙaramin sukundireba ya yi ta fama, irin na keken ɗinki. Amma yana da haƙuri, wannan aikin yini guda ne."

Keken ɗinki ɗaya ne a gidan su Auta, na Inna.

"To yaya?" ya ce. "In sa sababbi, ko in kwance?"

"Mayar min da komai yadda ka same shi."

Ta ƙirga sukurorin suna komawa, shi kuma ya sa ta sa hannu a takarda cewa haka ta kawo ta.

Da la'asar ta isa gida. Ta tarar da Inna a kan keke tana kafa hannun riga. Ta ajiye bargon a kan gado, ta tura ƙofa.

"Inna, ina ɗan sukundireban kekenki?"

Ƙafar Inna ta tsaya. Ba ta tambayi dalili ba, ta dubi bargon, ta dubi ƙofa.

"Ya gani ke nan, mai gyaran."

"Ya gani."

"Rage murya." Ta zare tabarau. "Kina goye lokacin. Shekarar da ubanki ya yi rigimar iyakar gona da maƙwabcinmu. Ke kin san ubanki ne da furfura, ba ki san shi da baƙin gashi ba. Kwana uku ba ya cin abinci, sai shafa wa abin nan mai. Ranar da ya tafi kotu na kulle ɗaki na zauna da ita. Hannuna har ya yi kanta."

"Maƙwabcin namu? Wanda suke shan shayi kullum?"

"Shi. Washegari ubanki ya saɓa ta ya nufi gona. Da azahar ya dawo, ya rataye ta, bai ce uffan ba. Allah ya sanyaya masa zuciya a hanya, bai ma ɗaga ta ba. Daga ranar ya bar farauta." Ta kama hannun Auta. "Ni na ce wa yayanki a kwance ta, kar ki ga laifinsa. In aka gyara, za a gaya wa ubanki abin da aka samu. Shekara ashirin da bakwai yana shafa wa sanda mai. In ya ji, da wane ido zan kalle shi?"

Kunya ta kama Auta. Kwana uku tana cin naman yayanta a zuci, har mai gyara ta haɗa.

Baba ya kira ta daga ɗakinsa. Ta ɗauki bindigar ta shiga, ta durƙusa. Ya warware bargon, ya shafa tsagar.

"Me ya ce?"

"Ya ce ta tsufa, Baba. Wai ko a kwance ta."

"Ba za a kwance ba. Sai me?"

"Shi ke nan."

"Bai buɗe cikin ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba, kunnenki ke tona ki." Ya ɗora bindigar a cinya. "Ƙotar na ce a gyara. Gobe ki koma, ki ce ƙotar kawai. Ƙusoshin nan ya bar su yadda uwarki ta bar su."

Auta ta ɗago. "Ta gaya maka?"

"Ita? Ko a lahira."

"To yaya aka yi ka sani?"

Ta taga ana hango bencin ƙofar gida. Maƙwabcin ya riga ya iso, ya cire takalmi, yana karkaɗe wurin zaman Baba da hularsa.

"Na ja kunama," in ji Baba. "Ya juya baya yana kafa turke. Na ja ta dama, na ja ta hagu, ba ta tashi ba."

Daga ɗakin Inna keken ya ci gaba da tafiya.

"Ita tana ganin ban ɗaga ba. Ki bar mata haka." Ya naɗe bindigar, ya tura mata. "Tashi ki ɗora ruwan shayi, kar mu bar shi yana jira."