Kwallin Inna Gudiya

Wata biyar ke nan rabon Safiya da barcin kirki. 'Yarta Aliya, mai shekara biyu da rabi, ta daina cin abinci, cikinta na murɗawa, ta yi fari fat kamar an wanke ta da toka. Da can tana cewa "ruwa", tana kwaikwayon kukan akuya. Yanzu duk ta haɗiye su, sai kuka.

Sau uku ana kai ta Jega, ana dawowa da maganin tsutsar ciki da na zazzaɓi. Da ƙafafunta suka fara sanyi, mijin Safiya, Lawali, ya kai su Aliero wurin wani mai ɗori. Tsohon ya lallatsa ƙafar, ya ce, "Ƙashinta lahiya lau. Ku biɗi ciwon wani wuri." Washegari Lawali ya loda albasa a motar da yake ja, ya yi kudu. A shekarun nan da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, direba ba ya kwana uku a gida.

Aliya ce 'yar fari, saboda haka Safiya ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane. "Yarinyar nan" take cewa. Tun daga yaye surukarta, Inna Gudiya, ta karɓe ta, a ɗakinta take kwana, a gindinta take wuni. Sana'ar Inna Gudiya niƙan kwalli. Takan sayo duwatsunsa masu ƙyalli a kasuwar Jega, ta niƙa a ƙofar ɗakinta har ya yi laushi, ta ɗura a tandu. Matan garinsu Maiyama duk nata suke sawa, har daga Liba da Kuberi ana aikowa. Aliya na zaune kusa da dutsen niƙan, hannu baƙi ƙirin, yatsa a baki. Kullum da safe kakar takan lashi tsinke, ta tsoma a tandu, ta zizara mata. Da ciwo ya zo sai ta mayar da shi sau biyu, don a cewarta idon majinyaci ya fi son kwalli.

Ana cikin haka yayan Safiya, Attahiru, ya zo dubiya. A Zariya yake aiki, a wani ɗakin bincike. Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya nemi takarda ya yayyaga. Ya ɗebi ƙasar tsakar gida, ya gutsuri kanwa, ya kankari cikin tukunya, ya roƙi Inna Gudiya ɗan kwalli. Kowanne ya ƙulle daban.

"Kai ɗan boko," in ji Inna Gudiya, "ƙasa za ka kai ma Zazzagawa? Tasu ta ƙare?"

Ya yi dariya. "Inna, wata na'ura gare mu. Haske take harbawa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. In ya bugi abu, duk ƙarfen da ke ciki sai ya mayar da nasa hasken, kowane da irin nasa. Sai ta zana muna a takarda."

"To ka tambayo ta mi ya hana Lawali zama gida."

Sati bakwai shiru. Safiya ta gaji da jira har ta daina jira. Ta ci gaba da dama kunun da ba a sha, da wanke zannuwan amai, da leƙen 'yarta ta tagar ɗaki.

Ran da Attahiru ya dawo, da hantsi ne, a zaure ya tsaya ya aika a kira ta. Ya ce layin jiran na'urar ya bi, sannan wuta ta yi ta ɗaukewa. Ya shimfiɗa takardu huɗu a kan tabarma. Safiya aji uku ta yi a firamare, ba ta iya karanta rubutun ba, amma ta ga zanen. Uku daga ciki 'yan tuddai ne kamar kunyar gero. A ta huɗu wasu layuka sun miƙe sama har sun kusa fita daga takardar.

"Wagga ta kwallin ce," ya ce. "Darma ce, Safiya. Kusan dukkansa darma ne."

"Wace darma, Yaya?"

"Irin ta cikin batirin mota. Babba ma tana cin shi a hankali, balle ƙaramin yaro. Kuma ba na ido ne ya fi damuna ba, wanda take lasa ne. Ni ba likita ba ne, sai an auna jininta a Sakkwato za a tabbatar. Amma daga yau kada ta sake zama wurin dutsen nan."

Safiya ta dubi ƙasa. "Kai za ka gaya mata."

Ya shiga, ya durƙusa, ya yi bayani da ladabi, har ya nuna mata takardar. Inna Gudiya ba ta tsayar da niƙa ba.

"Shekara arba'in ina wanga aiki, ka ga na makance? Kai kanka, da ina ƙauyenku, ni zan sa maka shi ranar suna. Jikata ce. Ni zan kashe ta?"

"Ba haka na ce ba, Inna."

"To mi ka ce?"

Ya sake faɗa, ta sake mayar masa. Motar da ta kawo shi tana ta hon a waje, gobe Litinin yana da aiki. Ya ajiye wa Safiya takardar da sunan likitan da za su nema, ya tafi.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar dutse. Safiya na tsaye bakin madafa da takarda a hannu. Ta ga Inna Gudiya ta share hannu a zane, ta jawo tandu, ta lashi tsinke.

"Taho, ƙawata, in gyara miki ido. Rabu da su."

Aliya ta rarrafa, don tafiya ta gagare ta.

Safiya ba ta san lokacin da ta ratsa tsakar gidan ba. Shekara huɗu tana gidan nan ba ta taɓa tsayawa a kan surukarta ba, kullum a durƙushe.

"Aliya," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a baki. "Aliya, taho nan."

Ta sunkuya ta ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Inna Gudiya ta saki baki, tsinke a hannu. "Yau kuma? Ɗiyar fari, gabana? Ina kunyar taki?"

"Inna, ki gafarce ni. Na gaji."

Ta juya. Ta kai yarinyar bakin rijiya, ta zaunar da ita a cinya, ta kama wanke mata hannu da sabulu. Ruwan farko ya yi baƙi, ta zubar. Na biyu ya yi toka-toka. Tana jin idon tsohuwar a bayanta, tana jiran a ce ta tattara kayanta ta bar gidan kafin Lawali ya dawo. Ta riga ta san in an ce haka, da 'yarta za ta fita.

Ta ɗebo ruwa na uku. Sai ta ji takun ƙafa, sannan inuwa ta rufe kwaryar. Inna Gudiya ce a tsaye. Ta karyo tsinken tsintsiya ta miƙa mata, ba tare da ta dube ta ba.

"Ba haka ake fidda shi ba," ta ce. "Ƙarƙashin farce yake maƙalewa."