Gurbin Eladio na Ranar Lahadi

"Ga ta nan tafe, ku matso kusa."

"Ta ƙaraso mu ji ta."

To, a nan ƙasarmu, Jamhuriyar Dominika, an yi wani mutum, Eladio Peguero, ɗan wani mai saran rake daga garin Consuelo. Shekara goma sha huɗu yana cin abinci da wasan besbol, amma ba a taɓa nuna masa wuri a fili an ce nan ne naka ba. Kun dai san kowane ɗan wasa da gurbinsa: mai jifa, mai cafewa a bayan mai kulki, masu tsaron zango uku, masu tsaron bayan fili. Shi kuwa Eladio ɗan toshe ɓaraka ne. Wanda ya gurɗe ƙafa, wanda matarsa ta haihu, wanda ya sha ya kasa tashi, duk shi ake turawa. Safar hannu biyar yake yawo da su a jaka, kowace da aikinta. Ya yi ƙananan ƙungiyoyin Amurka, ya yi Meziko, har Taiwan ya je ya dawo da ciwon ciki, kuma ko'ina yabon ɗaya ne: mutum mai amfani.

"Tsumma ma ai yana da amfani," in ji matarsa Yuderka. Bakinta ba ya shiru, amma tana sonsa.

Yana da shekara talatin da uku, a gasar ƙarshen shekara, sai aka kira mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku ya koma Amurka. Wannan gurbi kuwa shi Eladio ya tashi yana tsaro tun yana wasa da kwalin madara a hannu maimakon safa. Ranar Juma'a kocin ƙungiyar, wani tsoho Don Casimiro, ya kira shi.

"Daga Lahadi wurin naka ne. Wasa goma zan ba ka. In ka riƙe, ka riƙe ke nan."

Eladio ya koma gida ya gaya wa Yuderka. Ta ce sai ta gani da idonta, amma ta ɗauko jar rigarta ta goge.

Sai Asabar ta zo. Da la'asar ake wasan, kuma tun zagaye na uku aka fara yi musu dukan kawo wuƙa. Kafin zagayen ƙarshe ana cin su goma sha biyar da biyu. To, akwai wata al'ada a wasan nan. In wasa ya riga ya lalace, koci ba ya ɓata hannun masu jifansa na gaske, don gobe ma rana ce. Sai ya duba benci ya ɗauko ɗan toshe ɓaraka ya ce hau tudun jifa ka yi ta lallaɓa ƙwallo har a fitar da mutum uku a tashi. Abin dariya ne, 'yan kallo har tafi suke yi.

"Peguero," in ji Don Casimiro, ko juyowa bai yi ba. "Taimaka mana da zagayen nan."

"Maigida, gobe fa Lahadi."

"Na san kwanan wata. Jifa goma ne, ka sauko."

Me zai ce? Ɗan toshe ɓaraka in ya ce a'a sau ɗaya, ya tashi daga mai amfani, kuma ba shi da wani suna bayan wannan. Ya hau.

Mai kulki na farko ya buga masa, na biyu ya buga masa. Na uku ya aika ƙwallon bayan katanga, har kan rumfar mai soya ayaba. Jifa ashirin, mutum ɗaya kacal aka fitar. Mai cafewa, wani ƙato da ake kira Wilkin, abokinsa tun Meziko, ya cire abin rufe fuska ya tako tudun.

"Mutumina, kakata ta fi ka jifa, kuma bara muka binne ta."

"Ai da ka tono ta ta karɓe ni. Je ka ce wa tsohon ya sauke ni."

"Na duba shi. Igiyar takalminsa yake ɗaurewa tun ɗazu."

"Kafaɗata ta fara zafi, Wilkin."

Wilkin ya daina dariya. Ya tofar da yawu, ya sa masa ƙwallon a hannu. "To ka jefa su buga sama, ko Allah zai sa wani ya cafe."

Allah bai sa ba. Ƙwallo ɗaya ta faɗi tsakanin mutum biyu suna kallon juna. Wata ta bi ta ƙarƙashin safar mai zango na uku. Eladio ya ɗaga wa benci hannu, ya sake ɗagawa. Babu wanda ya tashi ya fara motsa jiki. Da ya ga lallaɓawar ba za ta kai shi gida ba, sai ya fara jifa da ƙarfi, irin jifan da hannunsa bai saba yi daga kan tudu ba. A jifa na talatin da takwas ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗar, kamar igiyar shanya da aka yi wa lodi. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ƙara jifa tara kafin a fitar da na ukun, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi.

Da safe Yuderka ta ajiye masa dakakkiyar ayaba da soyayyen cuku, sai ta ga ya ɗauki cokali da hagu.

"Ɗaga hannun in gani."

"Tsami ne kawai."

"Eladio, ɗaga."

Ya ɗaga iya ƙirji, ya tsaya. Ta shafa masa man zafi, ta ɗaure da tawul mai ɗumi, ta kunna kyandir gaban hoton Budurwa ta Altagracia, waliyyiyar ƙasarmu. Duk abin da ta sani ta yi. Sannan ta sa jar rigar, suka tafi.

A filin wasa, sunansa na nan a takardar jerin 'yan wasa da aka manna a bango, na bakwai, a gurbinsa. Ya daɗe tsaye yana karantawa. Da aka fita motsa jiki, aka gangaro masa ƙwallo, ya tare ta tsaf yadda ya saba, ya juya zai jefa zango na farko. Ƙwallon ta faɗi a rabin hanya, ta yi ta birgima. Aka sake gangaro wata. Haka.

Don Casimiro ya tako a hankali, hannu a aljihu.

"Da ka gaya mini jiya."

"Sau biyu na ɗaga maka hannu, maigida."

"Na gani," in ji tsohon. "Amma da na sauke ka, wa zan saka ya yi jifan?"

Eladio shi ma ya san bencin, ya san babu. Aka ja layi a kan sunansa da biro, aka rubuta wani.

An yi masa aiki a kafaɗar a Santo Domingo, hannun ya warke har yana ɗaukar kaya, amma jifan bai dawo ba. Yanzu yana tuƙa motar ɗaukar rake a Consuelo. Yuderka ta buɗe ɗakin gyaran gashi a barandar gidansu. Wilkin ya ƙara shekara biyu gwiwoyinsa suka sallame shi, yana New York wurin ƙanwarsa. Don Casimiro kuwa an kore shi a watan Janairu, wata ƙungiyar ta ɗauke shi a watan Maris.