Ƙofar da Ishaƙu Ya Buɗe

…kuma ai ta faɗa masa. Wannan ne abin da ya fi ci wa Ishaƙu rai. Da jakar lakwal a kafaɗa, za ta karatu, 'yarsa ta faɗa, ƙafa ɗaya a waje: "Baba, ko mi za ka taɓa, kada ka hidda kalmar sirri." Shi kuwa me ya ce? Hannu ya kaɗa mata, irin wanda ake kaɗa wa mai talla. Shi za a koya wa aiki? Shi da rabin ofisoshin Tasawa ba sa ganin rezon intanet sai ya hau tsani ya ja musu waya?

To ga shi nan, gwanin. Zaune a ɗaki, rana ta take, fanka tana juya iska mai zafi, ordinatar, kwamfutar gidan, a gabansa. A kan allon — fili. Ramuka, toka, wuta tana ci har yanzu a inda rumfa take. Wutar wasa ce, ba ta ƙona yatsa… to me ya sa ya kasa kallonta?

Wata da watanni Ramla, 'yarsa ta fari, tana ginin nan. Wasan da ake ɗora tubali a kan tubali a cikin ordinatar, wasu su gina birni, wasu su gina shirme. Ita gidan Inna ta gina. Inna mahaifiyarsa, gidanta na Baudeta. Tun da ta rasu babu mai yi masa yaɓe, damina ta kwantar da katanga, ɗakuna suka bi. Yarinyar da ke zuwa hutu can ita ce ta tashe shi da ka. Zaure, rumbuna, turken awaki, dogon yaron tsakar gida, har randar nan mai tsaga a baki…

Abu ɗaya ta roƙa. 'Ya'yan Harisu, ƙanensa da ke Yamai, su shigo su gani. Ordinatar ɗin gida ya zama masauki, su zo ta intanet. Ƙofa ɗaya ce za a buɗe a akwatin wifi, port, lamba guda — duk wanda ya ƙwanƙwasa nan a miƙa shi ga wannan ordinatar. "Kahin shayi ya tahasa na gama," haka ya ce wa Harisu a waya, har da dariya.

Shayi ya tafasa, ya huce, ƙudaje sun sha.

Fermé. Ya sa lambar, ya gwada daga waje — fermé, wato a rufe, da jan rubutu. Wace hanya ce cikin biyu, TCP ko UDP? Sa duka biyun. Fermé. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, akwati ya canza wa ordinatar adireshi, ƙofar tana kallon bango. Ya kafe adireshin. Fermé. Yini, kwana, wani yinin. Ramla ta wuce da kwanon tuwo, ba ta tambaya, idonta ne kawai yake faɗawa kan allon ya tashi. Da ta tambaya da ya fi masa sauƙi.

Sai yau da safe, da ta fita, ya fara fiffitarwa. Katangar tsaron ordinatar — kashe. Ta akwatin — kashe. Sai kalmar sirrin shiga wasan… Me ya haɗa ta da ƙofar? Babu. Ya san babu, ko ɗan koyo ya sani. Amma hannu ya riga ya saba da cirewa, zuciya ta hau, so yake kawai jan nan ya ɓace daga idonsa. Ashe ma duk ba nan matsalar take ba. Akwatuna biyu ne a jere, na kamfani da ƙaramin da shi da kansa ya ƙara don rezo ya kai ɗakin Mariyama, matarsa. Yana ta buɗe na ciki, na waje yana kulle. Da ya gane, minti nawa ya ɗauka?

Ouvert, a buɗe. Kore shar.

A nan ne mai hankali zai mayar da kowane abu mazauninsa. Katanga, katanga, kalmar sirri. Shi fa? Waya ya ɗauka. Ya ɗauki hoton gidan daga sama, ya ɗauki koren rubutun, adireshi ɓaro-ɓaro a jiki, ya tura cikin gurup ɗin masu aikin rezo. Mutanen da bai san adadinsu ba, daga Yamai har Kano har Abidjan, kowa da inda yake ƙara turawa. "Aikin ɗiyata, ku shiga ku gani." Ya tafi azahar da ƙafa mara nauyi, ya tsaya ma hira a bakin masallaci.

Kafin ya dawo an rushe gidan, an cinna masa wuta. Sunayen da suka shigo suna nan a gefen allo. Sunaye marasa uwa marasa uba, haruffa da lambobi. Wani ya bar dariya a rubuce. Daga ina? Wa ya sani. Wataƙila wani yaro ne a wata ƙasa, ya gaji da zama, ya ga gida a buɗe. Bai san Inna ba. Bai san furarta ba, bai san… Ba shi da laifin da za a kama. Kwafi? Babu kwafi. Shi da yake yi wa masu ofis wa'azin ajiye kwafi har su gaji da shi. Garin neman gira an rasa ido.

Kunya yake ji. Ba irin wadda ake sunkuyar da kai ta wuce ba, irin wadda take zama a ciki kamar ɗanyen wake.

Don me ma ya tura? Alfahari, i… amma ba shi kaɗai ba. 'Yar fari ce. Ba ya kiran sunanta, "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ya yabonta a gaban mutane, balle a gaban idonta, haka ya taso ya ga ana yi. Ranar da ya fara ganin zauren nan a allo sai da ya fita waje ya tsaya. Da ya dawo me ya ce mata? "Kin yi bitar karatunki?" Shi ke nan. So yake wasu su faɗa. Baƙi su ce ya yi kyau, shi kuma ya miƙa mata waya ta karanta, bakinsa bai motsa ba. Kalma uku ya kasa furtawa, shi ne ya gayyato duniya ta furta masa.

Waya tana motsi a kan tabarma. Harisu. "Yaya, yara sun taso lakwal, mu shigo?" Ya kife ta.

A ce kuran ne. Kuran ya ɗauke, ordinatar ya rikice, komai ya goge. Wa zai musa a garin nan? Za ta yarda… za ta ce ba komai Baba, ta shiga ɗaki ta rufe. Yardar ce ma ba zai iya ɗauka ba.

Ko ya gina? Hannunsa ya koma kan linzamin ordinatar. Ai ya ga yadda take yi, a zaɓi tubalin ƙasa, a ɗora. Gidan da aka haife shi ne, wa zai fi shi sani? Kafin la'asar ko katanga ce ya tayar, ta tarar da wani abu a tsaye. Ya kulle ƙofar tukuna — fermé, yanzu da ba ta da amfani. Ya kashe wutar da ke ci a allon. Ya ajiye tubali ɗaya. Na biyu. Nan zaure. Daga zaure sai a karya dama… ko hagu? Ɗakin Inna gabas yake kallo. A'a, wancan tsohon ne, ai an ce ta koma wani bayan ciwon ƙafa. An ce. A waya aka ce masa. Rumbunan biyu ne ko uku? Dogon yaron yana gaban madafa ko bayanta? Yaushe rabon da ya wuce zaure ya zauna a tsakar gidan nan, ba gaisuwar tsaye ba, babur yana jiransa a waje?

Tubalin yana rawa a bakin linzami, ba shi da wurin sauka.

A waje, ƙarar ƙyauren gida. Muryar Ramla tana gaida Mariyama, da sauri, irin ta mai son wucewa ciki. Takalmi ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa… na biyu.

Inna, ta ina ake shiga ɗakinki?