Takalman Sodam a Bakin Ruwa

"Ku sunkuya!" in ji tsohon matuƙin kwalekwalen, da ɗan guntun yaren Koriya da ya haddace. Bang Gicheol ya kai hannu ya danne ƙeyar 'yarsa. Gadar ta wuce a kansu, baƙa ƙirin, tana ɗigo musu ruwa mai sanyi.

"Baba, sakar mini kai. Ni jaririya ce?"

Rabon da ta yi masa magana mai tsawon haka tun kafin su baro Daegu, garinsu a Koriya. Tun da ta sake faɗuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati Sodam ta kulle kanta a ɗaki, abinci ma sai a ajiye a bakin ƙofa. Uwarta ce ta ce ya fita da ita ko iska ta buge ta. Ya rufe shagonsa na gyaran babur ya kawo ta Japan, yau kuma suka biyo jirgin ƙasa zuwa Yanagawa, garin da ruwa ya ratsa lungunansa.

Ruwan kore ne, ko motsi ba ya yi. Gidajen duk sun juya masa baya. Nan da can akwai matakalan dutse da suke gangarowa, su shige cikin ruwa su ci gaba da sauka. Matakalan nan Sodam take ta kallo.

A gidan abinci ta ɗan tsakuri shinkafa da gasasshen kifi, ta ce za ta zaga bayi. Ya jira har kifin ya huce. Ya buga wayarta, sai ta yi ƙara a kan kujerar da ta tashi.

Ya fito yana kiran sunanta. Lungun da ɗazu ke cike da masu ɗaukar hoto ya zama wayam. Ya bi gefen ruwa da gudu, a bayan wani shago ya gan su: fararen takalmanta, a kan matakala ta ƙarshe da ba ta jiƙe ba, an jera su daidai, suna fuskantar ruwa.

A ƙasarsu ko yaro ya san abin da takalmi a jere a bakin ruwa yake nufi: mai shi ya faɗa ruwa don ya kashe kansa.

Ya ɗauki takalman, da sauran ɗumi a cikinsu. Ya buɗe baki zai yi ihu, ya tuna bai san kalmar neman taimako da yaren mutanen nan ba.

Sai ya ji waƙa a ƙarƙashin gada. Wani kwalekwale ya fito a hankali, mutanen ciki duk sun kifa kai, ba fuska ko ɗaya. Suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce.

Matuƙin ya kafa gorarsa ya matso da ita, ta taka dutsen da safa kawai.

"Kai Baba, ka rungume su kamar jikanka."

"Ke wace irin yarinya ce? A cikin jirgi ake cire takalmi, a tafi da shi! Ba ki gani ba ɗazu?"

"Na gani."

"To, don me kika bar su a nan?"

Ta waiwaya ta dubi ruwan. "Na riga na cire su kafin ya zo. Ban san akwai jirgin da ke biyowa ta nan ba. Matuƙin ne ya tsaya ya miƙo mini hannu."

Kwalekwalen ya riga ya shige wata gadar, sai sautin waƙar.

Gicheol ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse ya sa mata takalman da hannunsa, kamar ranar da ya fara kai ta makaranta. Ya ƙulla igiyar, ya sake ƙullawa a kai.

"Baba, ka matse da yawa."

"Bar shi haka," ya ce.