Kalangun Baba Ɗantsoho a Cikin Lufa

Kwana uku ke nan rabona da barcin kirki, duk saboda wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba. Lufa ake ce masa. Ka taka da ƙafa ya ɗauki kiɗa, ka sake takawa ya yi ta maimaita shi, kai kuma ka ɗora jitarka a kai. Nawa na araha ne: daƙiƙa talatin kawai yake riƙewa, kuma da wuta ta yanke ya manta komai, ko sallama babu.

Ranar Laraba a Gumel muna gwajin kiɗan bikin Zinariya, mahaifinta Baba Ɗantsoho ya buga mini taken gidansu a kalangu, na ɗauka. Har da ɗan tsallaken da hannunsa ke yi a ƙarshe, don lufa ba ta gyara wa kowa kuskure. Washegari, lufar na nan a kunne, ɓarin jikinsa ya shanye. Da kyar ya iya ce mana kada a ɗaga biki.

Na gwada kwashe kiɗan a waya, ya fito kamar ana dukan gwangwani. Sai na jona lufar da batirin mashin, na naɗe wayar batirin da salatif, na hana kowa matsowa. A hanyar Sule Tankarkar, inda za a yi bikin, rungume nake da kwalin da na sa ta a ciki, duk ramin da ɗan acaɓa ya faɗa sai in leƙa in ga ko 'yar koriyar fitilar tana nan.

Mun isa lafiya. Na kafa kaya a tsakar gida, na taka a hankali don gwaji, kalangu ya tashi. Mata suka juyo suna sauraro. Amarya tana ɗaka ana mata kwalliya, aka ce in jira ta fito. Na juya ina ɗaure tsirkiyar jita, sai ladan ya kira la'asar.

Kawu Cindo, wan Baba Ɗantsoho, mutum ne da ko rediyo ba ya bari ta yi tari lokacin kiran salla. Kalangu na ta kiɗa, shi kuma bai san inda ake takawa a tsayar ba. Ya sunkuya ya fizge wayar batirin.

"Kawu!" na ce.

"Ɗan nan, ba ka ji kira ba ne? In an idar ka mayar."

Na mayar. Fitila ta kama ja, babu komai a ciki. Wallahi na so in yi masa ihu, amma me zan ce wa dattijon da ya yi abin da ya saba yi shekara saba'in?

Bayan salla Zinariya ta fito, ta dubi fuskata ta gane.

"Yaya Habibullah, kiɗan ya tafi ko?"

Na gyaɗa kai. Ta ce a miƙo mata ƙwarya. Ta kife ta a gaban makirfo, lalle bai gama bushewa a hannunta ba.

"Taka," ta ce.

Na taka. Ta buga taken tun daga farko, da ta zo ƙarshe hannunta ya yi tsallaken nan, daidai inda na ubanta ke yi. Lufa ta ɗauka ta shiga maimaitawa. Kawu Cindo ya zauna a bakin turmi ya rufe fuska da hularsa, ni kuwa na kasa ɗora ko tsirkiya ɗaya a kai.