Lahadin da Aka Buɗe Daji

"Malam Souley! Tsaya mana, don girman Allah!"

Iyatu ta cim masa a hawa na biyu tana haki, silifas ɗaya a ƙafa. Tsohon ya juyo da fartanya a kafaɗa, ya naɗe bakinta da leda don kada 'yan sanda su tsare shi da tambaya. Yana sanye da kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa da farar hula, kayan da duk unguwar Tremont ta san shi da su, ko a teburinsa na sayar da safar hannu da lema, ko a sahun gaba na masallaci. Shekara tara ƙofarsa na kallon tata.

Ta miƙa masa falmaran mai ruwan lemo, irin ta masu gyaran titi, mai kashe ido.

"Wagga kuma ta mi ce, Maman Yusra? Aikin hanya kika samo mini?"

Ba ta yi dariya ba. Shekara uku ke nan yana noma wani ɗan fili a bayan gidan wata tsohuwar Baturiya, tafiyar awa biyu da rabi daga birni, yana shuka yakuwa da kuɓewa. Lahadi kaɗai yake samun zuwa, kuma Lahadi ce ranar da dokar ƙauyen ta hana harbi da bindiga. Da yake Turancinsa a kan farashi ya tsaya, lambar Iyatu ya ba matar. Matar ce ta kira ta shekaranjiya.

"Sun yi meeting, Malam, sun yi vote," in ji Iyatu. "An buɗe daji ranar Lahadi. Manoma sun ce barewa ta gama musu da masara, ma'aikata sun ce ba su da ranar hutu sai Lahadi. Ita da 'yan cocinsu sun ce a bar wa mutane rana ɗaya su shiga daji ba fargaba, amma an rinjaye su. Daga yau hunting ya halatta. Ta ce kada ka kuskura ka cire rigar nan, ko fitsari za ka yi."

Malam Souley ya jujjuya rigar a hannu.

"Ubana maharbi na, can Dogon Dutsi," ya ce. "Shekara arba'in yana shiga daji, amma akwai rana guda cikin mako da ba shi taɓa kwari da baka. Ya ce ran nan masu wurin ka hitowa shan iska."

"Su wa?"

"Masu wurin dai." Ya yi murmushi. "Na ɗauka Nasara ma sun sani. Ashe mantawa sunka yi."

Tsigar jikinta ta tashi, ta ji haushin kanta. Ba ta bar shi ba sai da ya zura rigar a kan kwat ɗin, ta ja masa zif har wuya kamar ɗan makaranta. Nasser, direban tasi da ke kai shi, ya danna ham a waje. Ta taga ta bi lemon nan da ido har motar ta sha kwana.

Wajen ƙarfe biyu, tana tsame shinkafa, idonta ya faɗa kan matakalar ƙarfe ta bayan gini. Dardumar sallar Malam Souley ce a rataye. Jiya ya wanke ta, yau ya fita ya manta.

Da farko tsaki kawai ta yi. Wannan ai mutum ne da bai taɓa rasa abin shimfiɗawa ba. Ta gan shi yana salla a kan kwali, ta gan shi a kan jarida, ran da aka yi ƙanƙara ma rawaninsa ya kwance ya shimfiɗa a gefen titi. Duk abin da ya fi tsabta a jikinsa, shi yake sa wa goshinsa.

Ludayin ya suɓuce daga hannunta. Me ya fi tsabta a jikinsa yau?

Ta kira wayarsa, ba ta shiga, wurin ba sabis. Ta kira Nasser.

"Hajiya, na aje shi tun safe, ina wata gona ina sayen akuya. Sai huɗu zan ɗauko shi."

"Koma yanzu! Ka ce masa kada ya yi salla a kan rigar!"

"A kan mi? Ban ji ki ba, réseau babu, sabis ya ɗauke..."

Wayar ta katse. Ta kira Baturiyar sau shida, tana jin ƙararrawar na bugawa a gidan da ba kowa. Ta zauna a bakin taga, ba ta da abin yi sai kallon dardumar.

Ginin ya yi tsit yadda ba ya yi ranar Lahadi. Ba rediyo, ba gudun yara a sama. La'asar ta yi, ta kasa tashi alwala. Huɗu saura kwata bututun ɗumama ɗaki ya buga sau ɗaya, ƙwal. Kullum in ya fara sai ya jera goma, amma yau bai ƙara ba. A waje ko ganye ba ya motsi, sai ga dardumar ta zame daga kan ƙarfen a hankali, ta sauka a matakala.

Da magariba Nasser ya kira. Tun kafin ya gama salati ta sani.

Washegari ya zo ya tsaya a ƙofarta, ya ƙi shiga. Ya ce ruwa aka yi a can, ƙasa duk laka. Malam ya je bakin itatuwa inda ya saba, ya ta da salla, a nan harsashi ya same shi. Wanda ya yi harbin ma'aikacin injin katako ne, Lahadinsa ta farko a daji ke nan. Ya hango abu mai ruwan ƙasa a duƙe, da ɗan fari yana motsi kamar wutsiyar barewa.

"Shi da kanshi ya ɗauko shi har bakin hanya, Hajiya. Ƙato guda, yana kuka kamar jinjiri. Cewa yake, don mi bai sa lemo ba, don mi bai sa ba." Nasser ya miƙo mata leda. "Police sun ce ba su buƙatar ta. Na ce taki ce."

Sai bayan an kai shi makwancinsa, masu gaisuwa sun watse daga matakala, ta iya kwance ledar. Ta baza rigar a kan teburin kicin. Ba huda, ba ɗigon jini. Bayanta ya sha laka, ya bushe ya yi tauri. Gabanta kuwa tas yake, zif ɗin a zuge, in ban da sawun tafin hannu biyu, dama da hagu, da ɗan lotsawa a tsakiya inda goshi ya sauka.

Wani busasshen ganye ya manne a wurin. Iyatu ta kai hannu za ta cire, sai ta fasa.